Shekarar da Na Kira Sunan Ɗan Fari

Na san abin da ake gaya muku a kaina. Ko ba ku faɗa ba na sani, domin wadda ta yi shekara da shekaru tana koyar da matan aure, babu gulmar da ba ta biyowa ta ƙofarta. Ana cewa kakarku Malama Habiba ita ce matar da ta tsaya a gaban alƙali, a tsakiyar maza, ta buɗe baki ta kira sunan ɗanta na fari kamar wadda ba ta sami tarbiyya ba. Gaskiya ne, na kira. Ba kuma da raɗa na kira ba. Sai dai masu ba ku labarin daga ƙarshe suke farowa, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta muku da hannuna tun idona yana ganin layi, ku ji yadda aka yi har aka kai can.

Ni 'yar Kiyako ce, daga gidan malamai na fito, aure ya kawo ni Farin Dutse gidan masu shanu. Dangin kakanku Fillanci ya daɗe da barin bakinsu, in ban da 'yan kalmomin da suke kiran saniya da su, amma kunya ko ƙwaya ɗaya ba su zubar ba. A gidanmu ma ana kunyar ɗan fari, sai dai ta Farin Dutse ta fi tamu nesa ba kusa ba. Da na haihu aka sa wa yaron sunan mahaifin mijina, kun ga an yi wa sunan kulle biyu ke nan. Ba mai faɗarsa a gidan, kowa Abba yake ce masa, shi ne Abban da kuka sani, uban wasunku, baffan wasunku. Ni ko Abban ma ban taɓa faɗa ba. Ana yaye shi surukata, wadda duk muke kira Inna, ta ɗauke shi ta kai ɗakinta, daga ranar ya zama Na Inna a bakina, shi ma sai in ya zama dole. In ya faɗi a tsakar gida ya fasa baki, sai in ga tukunyata tana neman wuta. In ya sa sabuwar riga ranar salla yana zagaya ni don in gani, sai in ce wa bango, wasu dai sun sha ado. Kada ku ji tausayina, ku 'yan yanzu da kuke ɗaukar ɗan fari hoto tun yana cikin tsumma kuna yaɗawa a waya. Ba ɗaure ni aka yi ba. Ina alfahari da kunyata, har tsofaffin ƙauyen kan nuna ni ga amare su ce, ku dubi 'yar malam, ko mu da muka gada ba mu kai ta ba. Ina sonsa kamar raina, shi ma ya sani, kuma a tsakaninmu babu wanda ya taɓa buƙatar a faɗa.

Shekarar da nake ba ku labari kakanku ya riga ya rasu, ragamar gida tana hannun ƙaninsa Alhaji Haruna. Ana dab da saukar damina Na Inna ya je kasuwar shanu ya sayo sa, don ya haɗa da wanda yake da shi su ja garma. A gaban dillali ya saya, a gaban shaidu, da rana tsaka. Ba a jima ba sai ga 'yan sanda a mota, wai san na sata ne, wai kuma shi ya san ɓarayin. Ba zan faɗi wane caji ofis ba ne, ba kuma zan kama sunan kowa ba. Waɗanda suka yi sun san kansu, akwai kuma na kirki a cikin masu kakin da ba na so in shafa musu. Suka tafi da shi. Alhaji Haruna ya yi ta zarya, yau a ce babban ba ya nan, gobe a ce ana bincike. Ni kuwa ina gida ina koyar da mata a rumfar da ke jikin zaure, bakina yana biya musu karatu, kunnena yana bakin hanya, ba halin in tambayi kowa ina aka kwana. Da dillalin ya nemo mutumin da ya kawo san kasuwa, magana ta warware, suka sake shi. Ba da ƙafarsa ya shigo gida ba, a kafaɗar ƙannensa ya shigo.

Abin da suka yi masa, a bakin matarsa Rabi na ji. Sun ɗaure hannayensa ta baya, suka zura ƙarfe suka rataye shi, suna dukan tafin ƙafarsa, wai sai ya faɗi sunayen mutanen da bai taɓa gani ba. Ƙafa ta warke, hannaye ne suka ƙi. Likita a babban asibiti a Birnin Kudu ya ce jijiyoyin ne suka lalace saboda ratayar. Mutumin da yake kayar da bijimi shi kaɗai ya dawo ba ya iya riƙe ludayi. Abin da ya fi ƙona mini rai alwala ce: kullum Rabi ce take tsugunawa da buta tana wanke masa fuska, shi kuma yana kallon ƙasa. Ina hango su ta tsagin zana. Nakan dama kunun tsamiya yadda yake so tun yana yaro, in miƙa wa Rabi in ce ragowa ce, kada ta lalace. Magana kuwa ya kusa dainawa. In ya ji ƙarar mota a bakin hanya sai jikinsa ya hau rawa har sai ta wuce. Ruwa ya sauka, shanun huɗa suna ɗaure, ciyawa ta cinye gonarsa.

Alhaji Haruna, Allah ya saka masa, shi ya fara cewa ba za a bar maganar ba. Aka haɗa shi da wata lauya a Birnin Kudu, Barista Zainabu, 'yar firit, mai tsinin takalmi da tsinin baki. Ta ce tunda mai jikin ba ya iya tsayawa da kansa, doka ta yarda wani nasa ya tsaya masa. Alhaji Haruna ya tsaya, aka shigar da ƙara. Daga ranar muka fara yin baƙi.

Babbansu a wannan aiki wani Sufeton 'yan sanda ne, ɗan ƙasar nan tamu, Hausarsa irin tamu, gaisuwarsa har ƙasa. Na sa masa suna Mai Murmushi, don ban taɓa ganin haƙoransa a rufe ba. Zuwansa na farko da ledar lemo ya zo, wai duba mai jiki. Bai yi zagi ba, bai ɗaga murya ba. Ya dai tambayi Alhaji Haruna wace hanya shanunsa suke bi zuwa mashaya, da wace rana yake loda su zuwa kasuwa, da su wane ne a yaran gidan suke haya da babur. Ranar kasuwa ta gaba aka tsare motar shanun a hanya, suka wuni a rana babu ruwa, har ɗaya ta durƙushe aka yanka ta a bakin titi. Bayan nan aka sauke ɗana na biyu, Bello, daga kan babur ɗinsa, ya kwana a bayan kanta, da safe aka ce ya tafi, ba tare da an tambaye shi komai ba. Dillalin da zai ba da shaida ya tafi gaishe da danginsa a Bauchi, gaisuwar ta ƙi ƙarewa. Kowane abu in ka ɗauke shi shi kaɗai ba za ka iya nuna shi ka ce ga zalunci ba, amma in ka haɗa su sai ka ga igiya ce ake ja a hankali. Ba na so in ji ɗayanku ya raina Alhaji Haruna a kan abin da ya biyo baya. Bakuna da yawa ne suke ci a hannunsa, ya riƙe iya ƙarfinsa, ƙarfin ya ƙare.

Ranar da ya janye daga ƙarar, a zaurenmu aka zauna, shi da mai unguwa da Sufeto. Tsakanina da su bango ne kawai, bangon kuma bai kai rufi ba. Na sa mata su yi ta maimaita karatunsu a hankali, ni kuwa na jingina.

"Alhaji, ka yi dabara," in ji Sufeto. "Gida ya fi kotu rufin asiri. Yanzu saura wa? Ƙannensa?"

"Sun ce ba ruwansu," in ji mai unguwa.

"Matarsa fa?"

"Ubanta ya hana ta."

"To, magana ta ƙare."

Mai unguwa ya yi gyaran murya ya ce, "Sai dai ko mahaifiyarsa, Malama."

Sufeto ya yi dariya har da buga cinya. "Ba shi ne na fari ba? Haba mai unguwa, kamar ba ɗan gari ba. Ni ma ɗan fari ne. Tsohuwata har ta koma ga Allah ban ji sunana a bakinta ba. Uwar ɗan fari ko gawarsa aka shigo da ita ba ta kuka a gaban mutane, balle ta je kotu. Ku bar Malama da allonta."

Dariyar ba ta ƙona ni ba kamar yadda gaskiyarsa ta ƙona ni. Mutumin nan ya san mu ciki da waje. Ya bi mazan gidan ɗaya bayan ɗaya ya tanƙwara su, ni kuwa ko wahalar tsorata ni bai yi ba, don ya tabbata na riga na ɗaure kaina da kaina. Ya ɗauki abin da na fi darajawa a rayuwata ya zuba a cikin kayan aikinsa, tare da ankwa da ƙarfen rataya. Wallahi ban taɓa jin fushi irin na ranar ba. Na sallami matan tun lokacin tashi bai yi ba.

Bayan la'asar na shiga ɗakin Inna. Lokacin ta tsufa ƙwarai, ido ya tafi, ƙafa ba ta kai ta ko bakin ƙofa, amma baki yana nan da kaifinsa. Na zauna a ƙasa na gaya mata abin da na ji, da abin da nake shirin yi.

"'Yar malam, kin san abin da za a ce?"

"Na sani, Inna."

"Za a ce na yi sake, ban koya miki komai ba."

"Kin koya mini. Na kuma riƙe, ke shaida ce."

Ta murza carbinta. Can ta ce, "Ni ya kamata in je. Ni na goya shi, ni na tauna masa abinci. Amma kin gan ni." Sai ta ƙara da cewa, "Ban ce ki je ba, ban kuma ji kin tambaye ni ba. Sai dai in suka matsa miki sai kin faɗi sunan, ki faɗa a hankali. Sunan marigayi maigidana ne, kada ki tashe shi."

Washegari na sa hijabina na hau mota zuwa Birnin Kudu. Barista Zainabu ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, "Mama, a takarda ba wuya, ni zan rubuta ki sa hannu. Amma in aka kai ga tsayawa, a kotu ba a cewa Na Inna. Za ki iya?" Na ce mata, "Yarinya, ke dai ki iya naki." Ta yi dariya, ta jawo mini kujera.

Labari bai kwana ba ya isa inda zai isa. Aka aiko mini da gayyata, wai in je caji ofis a yi mini 'yan tambayoyi. Na je tun hantsi. Aka nuna mini benci a gefen kanta aka manta da ni, da gangan, don in gaji in tsorata. Ba su san wadda ta tashi a gidan malamai ba ta gajiya da zama ba. Na fito da carbina. Da azahar ta yi na ce wa kurtun da ke kanta ya ba ni buta, ya rasa yadda zai yi ya ba ni, na shimfiɗa ɗankwali a gabansu na yi sallata. Sai da rana ta yi sanyi aka shigar da ni wurin Mai Murmushi. Ya tashi tsaye ya gaishe ni, ya ce a kawo mini ruwan sanyi.

"Mama, ke uwa ce a wurina. Abin da na ji ne ya ba ni mamaki. Mace mai daraja irinki, ki tsaya gaban maza a kan ɗan fari? Me za ki bar wa 'yan baya?"

"Ɗan nan, ba wa'azi ka kira ni ba. In da tambaya, yi."

Murmushin ya ƙaru. "Makarantar nan taki, wa ya ba ki izinin buɗe ta? Kin san halin da ƙasa take ciki. Rahoto yana zuwa mana, wai ana tara mata ana koya musu wasu abubuwa. Ni ban yarda ba. Amma in takarda ta wuce sama, ba ni da iko a kanta."

Na gane inda ya nufa, kuma ba ƙaramar barazana ba ce, don a zamanin nan in aka shafa wa makaranta irin wannan baƙin fenti, har jikoki sai sun ji a jikinsu. Amma na dube shi ido cikin ido na ce, "Abin da nake koyarwa tsarki ne da salla da haƙƙin maƙwabci. Ƙofata ba ta da ƙyaure. Ka turo matarka ta zauna ta ji, ba na karɓar ko sisi." Na bar masa ruwan sanyinsa a kan tebur na fito.

Takarda ba ta wuce sama ba, amma maganar ta zaga ƙauye, kuma na san bakin da ya sake ta. Motar 'yan sanda ta riƙa zuwa tana tsayawa a ƙarƙashin dalbejiyar ƙofar gida daidai lokacin karatu, ba sa fitowa, ba sa cewa komai. Maza suka fara hana matansu zuwa. Rumfar da a da sai an matsa wa juna ta koma ni da wasu tsofaffi waɗanda ba su da mijin da zai hana su. Waɗanda suke nuna ni ga amare suka koma nuna ni da baki. A wurin suna ko biki in na zauna sai hira ta mutu. Alhaji Haruna ya daina shigowa sashena, don a ganinsa na tona masa asiri, na nuna mace ta fi shi zuciya. Wannan ya yi mini ciwo, domin tun ina amarya abokin wasana ne.

Wanda ya fi ba ni wahala shi ne mai jikin kansa. Wata safiya ina tankaɗe a tsakar gida, yana zaune a inuwar ɗakinsa, hannayensa a kan cinya kamar ba nasa ba. Tsakaninmu bai fi tsawon tabarma ba. Rabi tana wanke-wanke a gefe.

"Rabi," in ji shi, muryarsa a dushe, "gaya wa mutanen gidan su bari. Za su kama su. Na san abin da ke cikin ɗakin nan na caji ofis, su ba su sani ba."

Na ci gaba da tankaɗena na ce, "Rabi, gaya wa mai maganar ba da shi ake ba. Tsakanina da wani mai dariya ne."

"Rabi, ce musu in aka taɓa su, ni ba ni da hannun da zan rama."

Rariyar ta tsaya a hannuna. Na ce, "Rabi, ce masa an sani. Shi ya sa."

Rabi baiwar Allah ba ta isar da ko ɗaya ba, tana ta goge kwano ɗaya tana hawaye.

Aka yi ta ɗage zama har kaka ta yi. 'Yan sanda suka rubuto cewa ba wanda ya taɓa shi, da ciwonsa ya zo. Suka ƙara da cewa matar da ta shigar da ƙara ba ta da hurumi, duk ƙauye ya san mutumin ɗan wata tsohuwa ne da ake kira Inna, wannan kuwa lauya ce ta ɗauko ta. Da maganganu suka saɓa, alƙali ya ce yana so ya ji daga bakina. Barista ta roƙi a kawo mai jikin ko da ba zai ce komai ba. Da ƙyar Rabi da Bello suka shawo kansa, suka zaunar da shi a bencin ƙarshe kusa da ƙofa, kansa a sunkuye, don ɗakin cike yake da masu kaki. Mai Murmushi yana gaba, bayan lauyansu. Da na wuce har ya ɗan rusuna mini.

Aka rantsar da ni, tafinta ya tsaya a gefena. Lauyan nasu ya tashi, na ga Sufeto ya raɗa masa wani abu. Bai tambaye ni rataya ba, bai tambaye ni asibiti ba.

"Kin ce kina tsaya wa wani. Wane ne shi a wurinki?"

"Yaron gidanmu ne."

"Yaran gida suna da yawa. Ke kika haife shi?"

Na ce, "Haka ne."

"To gaya wa kotu sunansa."

Wallahi na yi niyya tun daga gida, na yi ta gwadawa a zuciyata a cikin mota, amma da aka zo wurin sai harshena ya yi nauyi kamar dutsen niƙa. Shekarun da na yi ina kewaye sunan nan suka taru suka tsaya mini a maƙogwaro. Na tuna da Inna, na motsa leɓe na faɗa a hankali, yadda ko tafinta bai ji ba. Lauyan ya buɗe hannaye ya juya ga alƙali, irin ka gani ko. Na dubi Sufeto, haƙoran nan duk a waje. Alƙali ya ce, "Malama, ɗaga murya, kotu ba ta ji ba."

Sai na ce a raina, Inna ki yafe ni, marigayi ma ya yi haƙuri. Na ɗaga murya irin wadda nake biya wa mata karatu ranar da ake ruwa a kan kwano.

"Usmanu! Sunansa Usmanu, ɗan Adamu. Ni na haife shi, shi ne na fari."

Kun ga a numfashi ɗaya na haɗa da sunan surukina da na mijina, waɗanda su ma ban taɓa faɗa ba. Tunda an zo wurin, na ce a yi ta gaba ɗaya.

Kafin tafinta ya buɗe baki, sai aka ji murya daga bencin ƙarshe.

"Na'am."

Kowa ya waiwaya. Na Inna ne, yana tsaye. Shi kansa bai san ya tashi ba, daga baya ya gaya wa Rabi cewa ji ya yi kawai an kira shi, kuma muryar ba wadda ake ƙin amsawa ba ce. Alƙali ya dube shi ya ce ko yana da magana. Ya tako a hankali, ya ratsa tsakanin masu kakin nan da ko ƙarar motarsu ba ya iya ji, ya zo gaba. Barista ta nemi izini, aka ba ta. Rabi ta naɗe masa hannun riga, tabon igiya ya fito a wuyan hannayen biyu, baƙi ƙirin, ya zagaye su kamar awarwaro. Aka rantsar da shi, ya yi magana. Ya faɗi ɗakin, ya faɗi ƙarfen, ya juya ya nuna da haɓa wanda ya zauna a kujera yana ba da umarni ranar da aka rataye shi. Na saci kallon Mai Murmushi. Ranar na fara ganin leɓensa a haɗe, kuma ba ɗana yake kallo ba, ni yake kallo. Ban san me ya tuna ba, ban kuma tambaya ba.

A motar komawa gida ni da shi muka sami kujera ɗaya, Rabi a tsakaninmu. Har muka wuce rabin hanya kowa yana kallon tagarsa. Can sai na ji ya yi gyaran murya.

"Rabi, gaya wa mutanen gidan, ashe sun san sunan."

Na ce, "Rabi, gaya masa ya gyara ƙafarsa, yana take mini hijabi."

Da muka isa na wuce ɗakin Inna kai tsaye, Rabi tana bina. Tsohuwa tana jin motsinmu ta ce, "'Yar malam, a hankali kika faɗa?" Rabi ta ce, "Inna, har masu shayi a bakin titi sun ji." Inna ta ja tsaki, ta juya fuska ga bango. Na ɗauka shi ke nan, na ɓata da ita. Har na yunƙura zan tashi sai ta ce, "Ya amsa?" Rabi ta ce ya amsa. Ta ce, "To." Ba ta sake tayar da maganar ba har ta bar duniya.

Hukunci ya zo bayan wasu watanni. Kotu ta ce an zalunce shi, ta ce a biya diyya. Abin da ya zo daga ciki ya zo, wanda bai zo ba muna jiransa a inda ba a ɗage zama. Sufeton aka ɗauke shi daga yankinmu, motar da ke tsayawa a ƙarƙashin dalbejiya ta daina zuwa. Hannun hagu ya dawo da gashi da addu'a, na dama har yau kun ga yadda yake, amma yana alwalarsa da kansa. Makarantata ba ta sake cika kamar da ba, kuma akwai gidajen da har gobe ba a kirana in an yi haihuwar fari, kada in koya wa mai jego rashin ta ido. Alhaji Haruna sai da aka shekara biyu ya sake taka sashena, ya zauna ya sha fura, ba wanda ya ce wa wani yi haƙuri. Na biya kuɗin abin da na yi da abin da na fi so, kuma da za a mayar da ni bakin ƙofar kotun nan, da ƙafar dama zan sake shiga.

Tun daga ranar ban ƙara faɗin sunan ba. Na Inna yake a bakina har yanzu, in ya shigo gaishe ni bango nake amsa wa, shi ma ya fi jin daɗin haka. Kunyata tana nan, ban zubar ba, na dai hana wani ya ɗaure ɗana da ita. Saboda haka in aka sake ce muku kakarku ta kira sunan ɗan fari a gaban alƙali, kada ku yi musu, kada ku sunkuyar da kai. Ku ce ƙwarai ta kira, shi kuma ya amsa.